Ƙarfen da Aka Hana Ni Ɗaurawa

Na dawo garinmu Bhaktapur daga Japan a makon da 'yan'uwana maza suka tuɓe fararen kayan makokin Baba. Shekara ta cika, saura rabon gida.

A wurinmu daga sama har ƙasa ake tsaga gida, kowane ɗa namiji ya samu ƙasa da sama da ƙofarsa ta titi. 'Ya mace ba ta ciki. Ni aikina zuba shayi.

Gidan na jan bulo ne, kakanmu ya gina. Azarorin katako sun ratsa shi daga bango zuwa bango, su suka riƙe shi wuri guda. Madafa tana can ƙarƙashin rufi, a nan mahaifiyarmu, Maa, take wuni.

Da kafinta ya shigo da zarto na ce wa babban wanmu, "Dai Tirtha, in kuka yanke azarorin nan, kowane ɓangare zai riƙa lilo shi kaɗai. Ranar da ƙasa ta motsa, karo za su yi ta yi da juna."

"Farfesa ta fara," in ji shi. "Mangal, kawo mata allo."

Ƙanena Mangal, wanda yake kirana Tata, wato yaya, ya yi dariya. "Tata, ƙasar nan barcinta take yi tun Baba yana goye. Surutunki ne zai tashe ta."

Aka yanke. Dai Tirtha ya ɗora bene biyu na siminti a kan rabonsa. Na Mangal ya tsaya yadda yake, gajere, tsoho, da murhun Maa a samansa.

Abin da na yi shekaru ina bincike a kai ke nan: gini biyu kusa da juna, ɗaya dogo ɗaya gajere. Akan haɗa su da farantan ƙarfe mai laushi. In girgiza ta zo, ƙarfen ne zai yi ta lanƙwasa yana shanye ƙarfinta, ba bango ba. An gwada, an buga a mujallu, injiniyoyin ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suna ambaton sunana.

Na sa maƙeri ya ƙera mini farantan, na kawo su gida a akwati.

"Ba sai kun yi komai ba," na ce. "A nan kan tsagar zan ɗaura su, daga bangonka zuwa nasa."

Dai Tirtha ya ɗaga ɗaya, ya juya shi. "Wannan gefen a bangona, wancan a nasa. To ƙarfen na waye?"

"Na gidan."

"Babu gidan. Gidaje biyu ne. Gaban dangi aka raba, aka ci abinci a kai. Ki ɗaura wannan, gobe 'ya'yanmu su tafi kotu kan ƙusa."

"Ni ma ba na so," in ji Mangal. "Benensa ya tashi faɗuwa ya ja nawa? Kowa ya faɗi a filinsa."

Wannan ne kaɗai abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai tun rasuwar Baba.

Na hau wurin Maa. Matakalar a tsaye take kamar tsani, ita kuma gwiwoyinta sun daɗe da gajiya.

"Maa, ki dawo wurina. Ɗakin a ƙasa yake, daga gado sai fili."

"In bar murhuna in je in dafa a kan tukunyar gas kamar 'yar haya?" Ta tura mini kaskon kindirmo. "Ci. Japan ta mai da ke sanda."

"Maa, da gaske nake."

"Na sani, Timila. Tun kina ƙarama ba ki iya wasa ba. A ɗakin nan aka kawo ni amarya. In sauka in je ina?"

Na tura akwatin ƙarƙashin matakala. Daga baya shugabar wata makarantar firamare a unguwarmu ta yarda na ɗaura irinsu tsakanin tsohon gininsu da sabo. Ita ba ta da ɗan'uwan da za ta tambaya.

Ranar Asabar ce, da rana tsaka. Ina kasuwa ƙasa ta kuɓuce daga ƙarƙashin ƙafata. Da ta lafa na ruga. Ƙura ta toshe lungunmu, sai da na lalubi hanya da hannu.

Benen Dai Tirtha yana tsaye, ya tsage. Na Mangal ya zama tudu. Dogon ya yi ta dukan gajeren har ya zube. Kowa ya fita, ban da Maa. A kan matakala muka same ta, ba rai. Ta fara saukowa, ta wuce rabi.

Makarantar ko tagarta ba ta fashe ba. Babu yaro ko ɗaya a ciki, Asabar ba a karatu. A nan unguwa ta tare. Malamin da na yi bincike a ƙarƙashinsa ya bugo daga Japan, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya tambayi yadda farantan suka yi. Na gaya masa. Ya ce duniya za ta so ta ji wannan. Gaskiya ya faɗa.

Bayan mun dawo daga bakin kogi inda aka ƙona gawar Maa bisa al'adarmu, na iske Dai Tirtha a barandar makarantar, kansa a aske don makoki, ya ɗaga ido yana kallon farantin da ya lanƙwashe.

"Shi ne wannan?"

"Shi ne."

"Ɗan wannan abin." Ya kai hannu ya taɓa. "Da ya riƙe gidan?"

"A'a. Da ya jinkirta shi."

"Har ta kai ƙofa?"

"Wataƙila."



Da aka fara kwashe ɓaraguzai, sai da aka nemo iyaka, don kada bulon wani ya shiga kason wani. Mangal ya zo da igiya. Ya ɗaura gefe ɗaya a jikin bangon Dai Tirtha, ya waiwaya, babu inda zai ɗaura ɗayan.

"Tata, riƙe mini nan."

Na riƙe.