Sunan Mai Rijiya

Kulu ta diro daga kan jakinta tun bai gama tsayawa ba, ta gyara mayafi, ta kutsa cikin masu jan ƙasa a bakin sabuwar rijiyar Kafin Soli. Da sassafe ta baro Dudunni, kuma ba kallon rijiya ya kawo ta ba. Suna ta zo nema.

'Yarta Tani ta binne 'ya'ya maza uku, babu wanda ya kai yaye. Na huɗun yau kwanansa tara. Liman ya raɗa masa Mamuda, amma wannan na ajiya ne. Sai an samo na kira, wanda zai ɓatar da mutuwa hanya, kamar yadda ake yi wa ɗan wabi. To, an gwada Ajuji, an gwada Bawa, duk ba su hana ba. Kulu ta yanke a ranta cewa mutuwar ƙasar Katsina ta haddace waɗannan sunaye kaf, tsoro kuwa ya hana ta sakat. Sai ta tuna da Baturen da En'e ta kawo haƙar rijiyoyi. Kowa Mai Rijiya yake ce masa, ainihin sunansa kuwa ba ta jin ko a Kankiya akwai wanda ya sani.

Rufa'i, shugaban masu haƙar, ya kama igiyar jakin, ya tare ta. "Inna, ina zuwa? Bature shina cikin rami."

"Sai in jira shi. Ai ba can za ya kwana ba."

Can aka jawo shi da igiya, ƙato ja wur, laka har gwiwa. Tambayar babban mutum sunansa rashin ta-ido ne, Kulu ta sani, amma ta baro kunyarta a gida. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ranka shi daɗe, aron sunanka na zo yi wa jikana."

Ya yi dariya, ya amsa da Hausarsa ta littafi. "Sunana Darmot."

Ta juya sunan a baki kamar mai ɗanɗana gishirin miya. "Mi ke nan da Hausa? Kada in kai ma yaro zagi."

"Masana sun ce ma'anarsa wanda ba ya hassada."

"Madalla. Na Ingilishi ne?"

Nan take ya ɗaure fuska. "A'a. Ni mutumin Ailan ne. Tsibirinmu daban, harshenmu daban. Sarakunanmu na dā sun yi wannan suna."

Kulu ta riƙe haɓa. Ba ta taɓa sanin Turawa ma suna da Katsinarsu da Kanonsu ba. Ta matso, don yanzu ne za ta yi tambayar da ta kawo ta.

"To, masu shi na da yawa?"

"A ƙauyenmu? In aka kira a kasuwa, mutum biyar za su waiwayo. Maƙabartarmu ma cike take da su."

Kulu ta ja da baya. Ta yunƙura ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara. "Ashe mutuwa ta san shi. Na yi tahiyar banza." Ganin bai gane ba, ta ba shi labarin Tani da ƙananan kaburbura uku a bayan gari.

Baturen ya kankare laka daga hannunsa, ya dube ta.

"Inna, ba ni na fara sunan a ɗakinmu ba. Wana ne Darmot. Ya rasu yana da wata huɗu. Da aka haife ni, uwata ta sake sa mini shi. Haka ake yi a wurinmu."

"Sunan wanda ya rasu? Ba ta ɓoye ka ba?"

"Ba ta ɓoye ni ba."

"Shekarunka nawa?"

"Arba'in da shida."

Kulu ta ƙare masa kallo, daga manyan takalmansa har furfurar da ke gefen kunnensa. Wato mutuwa ta shiga ɗakin ta ɗauki Darmot, da ta komo ta sake jin sunan, sai ta ɗauka ta riga ta gama da shi. Ko kuma dai kunyar uwar ta ji. Kulu ba ta san wanne ne ba, amma ko wanne ne ya yi mata. Tausayin wata mace da ba ta taɓa gani ba ya cika mata ciki.

"Na ɗauki sunan," ta ce. "Ita tsohuwar tana da rai?"

"Tana nan. Kowane wata nakan rubuta mata wasiƙa."

Kulu ta karɓi igiyar jakin daga hannun Rufa'i.

"To, in ka tashi rubutawa, ka ce Kulu ta Dudunni na yi mata ta'aziyyar na farin. Ka ce kuma ina mata barka da na biyun."