Boris ɗin Injin Kona

Shekarar da idon Baaba ya fara mutuwa, mu uku kawai muka sani a gidanmu na Mayo Gwoi: shi, da mahaifiyata Daada, da ni. Ko a tsakaninmu ma ba a faɗa da baki. Daada ta daina ɗauke buta daga inda ya saba ajiye ta, ni kuma na fara bin sa wurin aiki da sunan ina ɗaukar masa akwatin kaya.

Kowa a Jalingo ya san mahaifina, Hammanjoda mai gyaran injin niƙa. Ya fi shekara talatin yana aikin, kuma sunan nan shi ne abin da ya mallaka. Waɗanda ya koya wa aiki duk sun watse bayan garin ya zama hedikwatar jiha, kowa ya kama gabansa. Ni ce 'yar fari, ba ni da ƙane namiji, makaranta kuma a aji huɗu na tsaya. Da yake ni ce ta fari, bai taɓa kiran sunana Ruwaida ba, "Ke" kawai yake cewa. Ni ma ban taɓa ɗaga kai na kalli tsakiyar fuskarsa ba.

Muna da yadda muke aiki. In ya kwance inji, ni nake wanke kayan da kananzir, in shimfiɗa tsumma, in jera su daga dama zuwa hagu bisa yadda za su koma. Shi kuma hannunsa ya bi layi yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Mai kallo ba zai taɓa cewa ba ya gani sosai ba.

Akwai wani boris da ya fi yi mini nacin koyarwa, wanda yake zama a ƙarshen sandar injin niƙa. In mai niƙa ya murza kusar da ke matse duwatsun ƙarfe biyu don gari ya yi laushi, duk turin nan a kan boris ɗin yake sauka. Zobba biyu ne masu faɗi kamar ƙananan faya-fayai, da ƙwallayen ƙarfe a tsakaninsu. A ido duk ɗaya suke, amma ramin ɗaya ya fi na ɗaya ƙunci, da abin da bai kai kaurin farce ba.

"Mai ƙuncin nan na sanda ne," in ji Baaba, a zaurenmu. "Ya kama ta, su juya tare. Mai sakin kuwa na gida ne, ya zauna a mazauninsa, kada ya taɓa sanda ko kaɗan. In kin juya su, na zaune zai riƙa cizon sanda tana gudu. Kin ji?"

Na gyaɗa kai. Sai na tuna ba zai gani ba, na ce, "Na ji."

A watan Nuwamba na shekarar casa'in da huɗu, Margaret ta aiko daga Kona, wani ƙauye a gefen Jalingo. Mace ce mai jiki da babbar murya, mijinta ya rasu ya bar mata inji ɗaya da 'ya'ya biyar. Boris ɗin injinta ya fashe, ga lokacin kaka, ga Kirsimeti yana matsowa, matan unguwa duk dawa da masara suke kawo mata. Ba a samu irinsa a garin ba, sai da Goni mai sayar da kayan inji a Kasuwar Jalingo ya sa aka taho da shi daga Yola. Sati uku ana jira.

Goni Babarbare ne, Baaba Bafillace, abokan wasa ke nan, don haka tun suna samari ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Ranar da kaya ya iso, ya ce shi da kansa zai raka mu Kona a babur ɗinsa, don ya ga yadda mai kiwon shanu zai ɗaura ƙarfe. Mu muka hau mota, shi ya riga mu isa.

Rumfar injin cike take da mata da kwanukan hatsi. Margaret ta tare mu tana tafa hannu, da Hausarta mai juya mace da namiji.

"Baba Hamman, ka zo! Injin nan ta kwanta, ni ma na kwanta. Kai, yarinya ya girma fa. Har yanzu ba ya magana?"

Na sunkuyar da kai, matan suka yi dariya.

Na wanke kaya, na shimfiɗa tsumma. Na gwada zobban biyu a bakin sanda a ɓoye kamar yadda na saba, na ajiye mai ƙunci a dama, ƙwallaye a tsakiya, mai saki a hagu. Baaba yana durƙushe yana goge mazaunin boris da yatsa.

Sai Goni ya tsuguna ya kwashi zobban biyu. Ya kara su a idanunsa kamar tabarau.

"Bawana, ga gilashi na kawo maka. An ce idonka ya tafi kiwo bai dawo ba."

"Ajiye mini kaya, mai cin ƙosai da barkono," in ji Baaba. "Idona ya ishe ni ganin zanen da ke fuskarka."

"To me ya sa kake yawo da 'yar jagora?"

"Akwati take ɗauka. Kai da ka haifi maza tara, wa yake ɗaukar maka ko takalmi?"

Rumfa ta kaure da dariya. Goni ya wurga zobe ɗaya sama ya cafe, ya wurga ɗayan, sannan ya mayar da su kan tsumma. Ba mugunta ya yi ba, shi ma bai san da bambanci ba. Amma ina kallon hannunsa. Mai saki ya koma dama, mai ƙunci ya koma hagu.

Tsumman yana gaban gwiwar Baaba, Goni yana tsakanina da shi. In zan gyara, sai na ratsa gaban dattijo na miƙa hannu kowa yana kallo. In zan yi magana, sai na ce wa ubana ya ɗauki abin da ba shi ba, a gaban mutumin da yanzun nan ya kira ni 'yar jagora. Na ce a raina bari Goni ya matsa tukuna. Goni bai matsa ba. Hannun Baaba ya tafi dama.

Ya shafa giris, ya zura zoben a sanda. Ya shige zuruf, ba tare da an buga ba. Na ga hannunsa ya tsaya. Bakina ya buɗe, iska kawai ta fito.

"Yaya, Bafillace? Ka manta hanya ne?" in ji Goni.

"Sandar ce ta tsufa, ta rame," Baaba ya ce. Ya sa ƙwallaye, ya ɗauki na biyun. Wannan ya ɗan yi gardama, ya kara itace ya bubbuga shi har ya zauna. Ya rufe, ya ɗaure kusoshi.

Aka tayar da inji. Gari ya zubo fari tas, mata suka yi guɗa. Margaret ta cika mini ɗankwali da gyaɗa. A mota ina ta cewa a raina zan faɗa masa in mun sauka. Da muka sauka na ce in mun isa gida. A gida Daada ta kawo masa fura, yana sha yana ba ta labarin yadda ya kashe bakin Goni, yana dariyar da ya daɗe bai yi ba. Na ɗauki tsintsiya na fita tsakar gida.

Washegari na tashi da niyya. Na tsaya a ƙofar zaure har sau biyu. Na ce wa kaina wataƙila idona ne ya yi mini gizo, wataƙila ƙarfe zai haƙura.

A rana ta uku injin ya tsaya da hayaƙi, da tsakar rana, hatsin mutane a ciki. Ba mu Margaret ta kira ba. Ɗan'uwan mijinta ya kawo wani makanike da ya zo daga Yola yana yi wa ma'aikatar gwamnati aiki. Ya kwance a gaban jama'a. Giris ya ƙone ƙurmus, ƙwallayen sun yi shuɗi don zafi, zoben ya ci sanda ya yi mata wuya kamar an yanka da wuƙa. Ya ɗaga zobban biyu ya nuna wa kowa.

"Wa ya ɗaura wannan? Makaho ne?"

Tambaya ce kawai ya yi, amma kafin la'asar ta zama labari a kasuwa. A satin nan mutum biyu suka zo suka karɓi injinansu da ke zaurenmu ba a gama gyara ba. Ɗayan ma bai shigo ba, ɗansa ya aiko da amalanke. Baaba ya zauna a kan tabarma daga safe har azahar, hannuwansa a kan gwiwa, babu baƙin mai ko ɗigo a jikinsu. Ban taɓa ganin hannunsa da tsabta haka ba.

Ranar Alhamis na kai masa ruwan alwala. Na ajiye buta, ban tashi ba.

"Baaba."

"Mene ne?"

"Na gani. Lokacin da Baba Goni ya mayar da su. Na ga sun juya, ban faɗa ba."

Ina jiran faɗa, har na fi son ya yi faɗan.

"Na sani," ya ce. "Da zoben ya shige ba gardama, jikina ya ba ni. Kuma na ji kin ja numfashi a bayana. Na jira ki yi magana."

Hawaye suka fara zubo mini a kan zane.

"Kalma ɗaya ce, in juyo in ce, ke, duba mini. Na kasa, don Goni yana wurin. Na ɗora wa sanda laifi." Ya shafa tabarma har ya sami butar. "Ke kunya aka koya miki, kuma ni na koya miki. Ni fa, wa zan ce ya hana ni?"

Da ya idar da salla ya sa na buɗe ɗakin ajiya. Akwai wata sandar inji sabuwa da ya daɗe yana adanawa, nannaɗe cikin buhu. Ya ce gobe za mu kai wa Margaret. Sannan ya ce wa Daada ta miƙo masa sandar kiwon mahaifinsa da ke rataye a bango. Daada ta miƙo, ta juya ta shige ɗaki da sauri.

Da safe ya riƙe ƙarshen sandar kiwon, ya miƙo mini ɗaya ƙarshen. Buhun ƙarfen yana kaina. Na so mu bi ta bayan gari, ya ce a'a, ta kasuwa za mu bi zuwa tasha.

Haka muka ratsa layin masu kayan inji, ni a gaba, shi a baya. Masu gudumomi suka dakata. Goni yana ƙofar shagonsa, ya miƙe tsaye, hularsa a hannu.

"Malam Hammanjoda," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

"Yau kuma ni ne Malam? Zauna, bawa, ba kai ka ɗaura ba."

Goni bai rama ba. Ya bi mu har bakin titi, yana ta share fuska da hula.

A Kona rumfar shiru, kaji suna tsattsagar ƙasa a gindin injin. Margaret ta fito, ta ga sandar da ke tsakaninmu, ta dafe ƙirji.

"Wayyo Baba Hamman. Me ya sa ba ka faɗa ba? Da ka faɗa, ai da yarinya ya duba maka."

"Laifina ne, Margaret. Ga sanda na kawo, sabuwa ce. In an samo wani boris, a kira ni, zan zauna in faɗa, ita ta ɗaura."

Margaret ta kalli ƙasa. Ta ce dangin mijinta sun riga sun ba mutumin Yola aikin, ba ta da bakin hanawa. Matan unguwa kuma sun koma niƙa a wani wuri, ba ta san ko za su dawo ba. Ta karɓi buhun da hannu biyu, ta rusuna, ta yi godiya. Ta kawo mana ruwa a kwanon da ta ce sabo ne, ba a taɓa sha da shi ba. Baaba ya sha, ya ce Allah ya tayar da injin.

Ba mu sami mota ba, muka kama hanya a ƙasa. Ruwan damina ya zaizaye gefen titin, duk ramuka. A na farko na ja sandar gefe kawai, ban yi magana ba, ya yi tuntuɓe har takalminsa ya fita. Na durƙusa na sa masa.

"Ba na jin sanda," ya ce. "Ki riƙa faɗa."

Mutane suna wucewa da kaya a ka, wasu a kan keke, suna waiwayenmu. Na ce, "Rami a gaba," a hankali.

"Me kika ce?"

Na ɗaga murya har wata mai itace ta juyo.

"Rami, Baaba. Yi dama."

Ya yi dama. Muka ci gaba da tafiya, ina faɗa yana bi, har muka shigo gari.