Wutsiyar Dokin Begmish

Zancen a gidan wankan mata ya fara fita, can inda tururi ke kwance wa harshe linzami. Wai Begmish bai mutu a yaƙin mashigin Jan Kogi ba. Wai dokinsa ko gumi bai yi ba ranar. Kafin la'asar magana ta hau tudu ta shiga fada, ta tarar da Aytolun Hatun tana ɗaure kayan hajji.

Aytolun ita ta haifi Turbay Bey, mai mulkin Akyar, ita kuma ta haifi ƙanensa Begmish, wanda shekara biyu ke nan ana ce masa shahidi. Ba ta cika sayen zancen gidan wanka ba. Ta sha ganin matan nan sun kashe mutum da baki, washegari a gan shi a kasuwa yana tayin albasa. Amma 'yar alƙalin Konya ce, a gindin littattafai ta girma, kuma ubanta ya koya mata cewa yawan masu faɗin magana ba shi ke mayar da ita shaida ba.

Ga shi lokaci ya ƙure. Ranar Alhamis ayari zai tashi, kuma bisa al'ada Turbay zai durƙusa gaban jama'a, ya sumbaci hannunta, ya roƙi ta halatta masa nonon da ya sha. Kalmar in ta fita ba ta dawowa, mace mai shekarunta kuwa in ta kama hanyar Makka ba ta sa rai da komowa. Tana so ta san wanda za ta yafe wa.

Ta fara da Hoja Siraj, malamin da Turbay ya ɗauko daga Tabriz ya rubuta tarihin gidansu cikin baitocin Farisanci. Ta same shi yana fiƙe alƙalami, gemu duk ɓurɓushin gurasa.

"Hoja, karanta mini mutuwar ɗana."

"Ranki ya daɗe, wurin nan da nauyi."

"Ni na ɗauke shi wata tara, na san nauyinsa. Karanta."

Ya karanta. Begmish ya zama zaki, maƙiya suka zama tumaki, kibiya ta same shi a ƙirji, jajayen furanni suka tsiro inda jininsa ya zuba.

"Furannin sun yi kyau," in ji ta. "Kana wurin?"

"Lokacin ina Tabriz, Hatun."

"Kai, Allah ya ba ka ido! Daga Tabriz har ka hango fure. To wa ya gani ya ba ka?"

"Bey da bakinsa."

"Bayan shi fa? Wa ya wanke gawar?"

"Ai shahidi ba a yi masa wanka, da tufafinsa ake..."

"Na sani. Na haddace babin tun ba a yanke maka cibiya ba."

Ita ma tambayar ta sare ta. A naɗe cikin bargon gashin tumaki aka kawo shi, aka ce mata fuskar ba ta kalluwa, aka binne. Gari guda ya yi kuka a kan gawar da babu wanda ya buɗe.

Hoja ya yi gyaran murya. "Bey ya so a ƙara baiti ɗaya, cewa mahaifiyarsa ta shaida."

"Bar wurin fili. Takarda ba ta jin yunwa."

Daga nan ta sa aka kai ta ƙubbar da aka gina masa. A bakin ƙofa ga dogon sandan da ake rataye wutsiyar dokin mamaci, wutsiyar a lulluɓe da koren alharini. Kowace Juma'a tana wucewa ƙarƙashinsa, ta ɗauka girmamawa ce ta sa aka rufe.

Mai gadin wurin Yamchi ne, tsohon mayaƙin mijinta mai ido ɗaya.

"Yamchi, sauko mini da ita in yi bankwana."

"Hatun, an hana."

"Wa ya hana?"

"Bey."

"Ni na share wa Bey majina. Sauke, tsohon banza, ko in hau da kaina a ce kai ka karya ni."

Ya sauke yana gunaguni. Ta warware alharinin. Wutsiyar ta zubo a cinyarta, baƙa wuluk, a miƙe sumul kamar yanzu aka taje ta.

Shekara hamsin Aytolun tana ganin maza suna fita yaƙi. Babu ɗan Akyar da ke shiga daga bai ƙulle wutsiyar dokinsa da hannunsa ba. In ya faɗi, da ƙullin ake yanke ta, da ƙullin take rataye har iska ta cinye ta. Ta mijinta tana can gaba kaɗan, ƙullinta kamar dunƙulen hannu. Kuma ba a ƙulla wa wani, balle mamaci, don ƙullin alkawari ne tsakanin namiji da ajalinsa, wanda ya ƙulla shi ya kira nasa. Ashe an samu mazan da suka iya yi wa gari ƙarya, aka rasa ɗaya mai ƙarfin halin yin ƙulli.

Ta ɗago ta dubi Yamchi.

"Ni ido ɗaya gare ni, Hatun," in ji shi, "shi ma ya tsufa."

"Idon da ya mutun ya fi gaskiya."

Ranar Alhamis raƙuma suka cika ƙofar fada, ƙararrawa na ta kaɗawa. Manyan gari sun jeru, Hoja Siraj na gefe da tawada a ɗamara. Turbay ya fito cikin jar alkyabba, ya durƙusa, ya kama hannunta.

"Inna, Allah ya kai ki lafiya. Ki halatta mini nononki."

Ta sunkuyo kamar za ta sa masa albarka, ta yi ƙasa da murya.

"Na ga wutsiyar."

"Wace wutsiya kuma?"

"Kada ka mayar da ni Hoja, da kake biya ya rubuta abin da kake so. Ni ba alkyabba kake ba ni ba."

"Inna, ba a sarki biyu zamani ɗaya. Rabin mayaƙa sunansa suke kira. Da na bar shi, da yau nawa sandan kike wucewa ƙarƙashi."

"Wataƙila. Amma yana cikin ganuwarsa, da mutanensa, ya ce ba zai zo sansaninka ba. Kai ka zo ɗakina da hawaye, ka ce sulhu kake nema kafin yaƙi. Ka ce in aika masa da ɗankwalina ya zama amana. Daga kaina na cire shi, Turbay. Har daɗi na ji."

"Jininsa bai taɓa ƙasa ba. Na ba shi girman gidanmu, kamar yadda kakanni suka yi: ba a zubar da jinin ɗan sarauta."

"Sannu da ladabi."

"Inna, mutane na kallo. Ki faɗa kawai, don Allah. Ni kaɗai na rage miki."

Gaskiya ya faɗa, shi kaɗai ne. Ta dubi tsakar kansa, inda furfura ta soma fita, ta tuna lokacin da wurin yake da taushi yana bugawa ƙarƙashin tafinta. Sannan ta zare hannunta, ta miƙe, ta yi magana yadda na bayan layi ma zai ji.

"Ban halatta ba."

Ba wanda ya motsa. Ta nufi raƙuminta, ta tsaya daidai gaban Hoja Siraj.

"Ga abin da za ka cike filinka da shi, in kana da wuya biyu. Begmish bai isa Jan Kogi ba. Da hantsi ya shiga tantin yayansa, babu takobi, ɗankwalin uwarsa a ɗaure a damtsensa. Turbay ya sa aka shaƙe shi da tsarkiyar baka."