Fentin Ƙasan Jirgin Kuwanish

Ranar da ɗana Kuwanish ya jawo wani jirgin ruwa a kan tirela ya shigo da shi tsakar gida, ina tsaye ina shanya. Ko sannu da zuwa ban yi masa ba. Tsohon jirgin alminiyam ne, koren fentinsa duk ya ɗaɗɗaye, shi kuwa sai shafa shi yake yi yana washe baki.

"Apa, sa albarka mana," ya ce, don haka ake kiran uwa a wurinmu.

"Albarka tana wurin Allah. Me ke cikin gwangwanayen nan?"

Na san amsar tun bai buɗe ba. Fenti ne ruwan toka. Duk mai kamun kifi a wannan gefe na tafkin Balkash haka yake shafe jirginsa, sama da ƙasa, don in ya shiga inda aka hana saka raga, masu gadin tafki su hango ruwa kawai. Dabarar tana aiki. Ta yi wa ubansa Sabirjan aiki har ta wuce gona da iri. Iska ta kifar da shi jim kaɗan bayan narkewar ƙanƙara, aka yi ta nema, da aka same shi yana ɗaure da bel ɗinsa a jikin jirgin. Ba ruwa ya ci shi ba, sanyi ne. Kuwanish yana rarrafe a lokacin.

"Mayar musu da shi," na ce. "Ka karɓo ruwan goro, irin na rigar masu gyaran titi."

Ya kwashe da dariya. "Ruwan goro? Ai gara in ɗaura ƙararrawa a wuya, in riƙa kiran masu gadi su zo shan shayi. Apa, samarin bakin ruwa sai sun kashe ni da ba'a."

"Ba'a ba ta taɓa kashe kowa ba. Ni na san abin da ke kisa."

Ya yi kamar bai ji ba. Taurin kan ubansa ya kwaso, bai rage ko kaɗan ba.

Kwana da kwanaki yana kankara. Da wuƙa yake ɗaye tsohon fentin, ya bi da takarda mai kaushi, ya wanke da sabulu, ya bari ya bushe. Koren gari ya cika min tsakar gida, har kajina suka koma kore. Na yi faɗa a kan kaji, na yi faɗa a kan bokitina da ya ɓata, amma ba su ne ke damuna ba. Duk ƙarar wuƙar nan a jikin ƙarfe, a ƙirjina nake jin ta. Tsoro nake ji.

Ƙasan jirgi ba ya gyaruwa a kan tirela, dole a sauke shi a kife. Kuwanish ya gayyato maƙwabta, aka jera tsofaffin tayoyin mota a ƙasa. Ni kuma na shiga kicin ina soya baursak, irin fankenmu na fulawa, don wanda ya zo gayya ba ya tafiya da yunwa. Ina jin su ta taga.

"Ɗaga naka gefen, ƙato! Cin nama ka iya!"

"Ai ni kaɗai ke ɗauke da shi, ku rakiya kuka zo!"

Muryar da ta fi ta kowa ita ce ta Tolegen, tsohon abokin Sabirjan. Bayansa ya daɗe da lalacewa, ba ya ɗaga ko buta, amma bakinsa lafiya lau. Na ji ƙarar ƙarfe a kan taya, aka yi shewa. Na ɗauko tire na fito.

A bakin ƙofa na tsaya cak. Jirgin yana kife a tsakar gidana, an kankare shi tas, alminiyam tsirara, launin toka. Ban je wurin da aka samu Sabirjan ba, amma shekara da shekaru wannan hoton nake gani in na rufe ido.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Tolegen ya dafa sandarsa yana kallon jirgin.

"Haka na gan shi," ya ce.

"Kowa ya sani, Aga," in ji Kuwanish, yadda ake kiran dattijo a wurinmu. "Kai ka gano Baba."

"Ba ranar nake nufi ba, yaro. Kafin ita." Ya juyo gare ni, amma bai iya kallon idona ba. "Raushan, washegarin iskar mun bi ta bakin tsibirin nan mai ciyayi. Na hango wani abu can nesa, kwance a kan ruwa. Na ce a tsaya. Da na sake dubawa ban gan shi ba. Ruwa toka, sama toka. Muka ce igiyar ruwa ce, muka wuce. To daga baya a daidai wurin muka same shi."

Ya mayar da ido kan jirgin ya ci gaba.

"Likita ya ce a ranar nan da sauran ransa. Ƙila ma ya ji ƙarar injinmu."

Ban san lokacin da na ajiye tiren ba. Abin da na sani shi ne na zauna a ƙasa, cikin koren garin nan, ina tunanin mutum a kwance kan ƙarfe mai sanyi yana jin inji na matsowa, sannan yana jin sa yana nisa. Maƙwabta suka zame ɗaya bayan ɗaya, baursak ɗin ko taɓa shi ba a yi ba.

Kuwanish ya daɗe tsaye da hannu a kan jirgin. Sai ya shiga mota ya fita. Da ya dawo, ya ajiye gwangwani ɗaya na ruwan goro a gabana da sabon buroshi.

"Gefe da sama nawa ne, Apa. Toka za su zauna, in ba haka ba ba mu ci abinci ba. Ƙasan naki ne."

"Ƙasan kaɗai?"

"Iya inda ruwa ke rufewa."

Na so in yi masa ihu. Da na ga fuskarsa, sai na ɗauki buroshin. Bayan ya yi shafin farko wanda ke kama ƙarfe ya bushe, ni na shafa ruwan goron da hannuna. Na shafa, na jira, na sake shafawa. Yana cewa ya isa, zai yi kauri ya fashe, ina cewa ya matsa min daga nan. Har kan kusoshin na bi ɗaya bayan ɗaya, ban bar wurin da ƙwayar gero za ta zauna ba.

Ranar da zai saka shi a ruwa na bi shi, ni da na yi rantsuwa ba zan ƙara taka bakin tafkin nan ba. Samari suka hango ƙasan jirgin a kan tirela suka fara.

"Kuwanish, wa ya sa wa jirginka lalle?"

"Uwata," ya ce.

Ya yi baya da mota, tirela ta gangara. Ina kallo ruwa yana haɗiye ruwan goron kaɗan kaɗan, har bai rage ko layi ba. Ya tayar da inji, ya ɗaga min hannu, ya miƙe. Ban ɗauke ido ba, wallahi ko ƙiftawa ban yi ba, amma kafin ya kai tsibirin na neme shi na rasa. Ruwa toka, sama toka. Ƙarar injin kawai nake ji tana nisa.

A nan na gane abin da na samu. Fentina ba zai hana iska tashi ba, kuma ba mai ganinsa sai ranar da ɗana ke kwance a kansa. Na tsaya a bakin ruwa, da sauran ruwan goro a ƙarƙashin farcena, ina roƙon Allah kada ya nuna wa kowa aikin hannuna.