Ƙaho a Jakar Hindu

Abin da Tijjani ke tsoro, bai kuma iya faɗa wa kowa ba, shi ne mahaifiyarsa ta ga shatin allura a fatar cikin matarsa Rumaisa'u. Sau uku tana ɓari kafin wani likita a Gusau ya auna jininta, ya sake aunawa, ya ce garkuwar jikinta ce ke daskarar da jini a mabiyiya har abinci ya daina isa ga ɗan tayi. Ya ɗora ta a kan ƙaramar asfirin da allurar tsinka jini kullum. Yanzu cikin ya shiga wata na biyar, inda sauran ba su kai ba.

Sai ga mahaifiyar tasa, Inna Azumi, ta sauka gidansa a Ƙaura daga Zurmi ba sanarwa, tare da wata dattijuwa mai suna Hindu, wai a mota suka haɗu. Tijjani ya lura Hindu ba ta saki jakarta ba ko da aka kawo fura. Ya lura kuma Inna ta tambaye shi lokacin fitarsa aiki, alhali ba ta taɓa damuwa da hakan ba.

Da safe ya tayar da babur, ya kai bakin titi, zuciyarsa ta ƙi, ya juyo.

Ya tarar da ƙahonni da aska jere a tabarma. Rumaisa'u na zaune, bayanta a buɗe, kanta a sunkuye don kunyar suruka.

"Inna, mi za a yi?"

"Kai ka hwaɗa min jininta na daskarewa," in ji Inna. "Mataccen jini ai ƙaho ka hidda shi. Kuma na ga inda kake tsira mata allura. Ka tabbata ba ta hana haihuwa ce suka ba ku ba, malam mai difloma?"

Hindu ta ci gaba da goge aska. Tijjani ya tuna ranar da wuƙar albasa ta yanki Rumaisa'u, jinin ya ƙi tsayawa saboda allurar har tsumma ya jiƙe.

Ya durƙusa, ya ja mayafi ya rufe bayan matarsa.

"Inna, ki gafarce ni. Aska ba za ta taɓa ta ba. Gobe da ke za mu Gusau, ki tambayi likitan da bakinki."