Bita Kafin Shiga Kotu

Ƙofar ofishin alƙaliya ba ta rufuwa sosai. Magatakarda ya ja ta har sau biyu, ta sake buɗewa kamar faɗin yatsa, ya ƙyale ta ya wuce. A wannan 'yar kafa Malam ya kafa kunnensa.

Yana zaune a bakin dogon benci, tsohuwar matarsa tana ɗaya bakin, da farin takalmin asibiti a ƙafarta, don daga wurin aiki ta wuto. Wata tara ke nan da rabuwarsu. Yau kotu za ta yanke hannun wanda 'yarsu mai shekara takwas za ta zauna a ranakun makaranta, kuma alƙaliya ta ce sai ta gana da yarinyar ita kaɗai.

Tun farko lauyansa ya kwantar masa da hankali. "Kai ƙarfe biyu kake tashi daga makaranta, ita kuwa nas ce, yau aikin safe gobe na yamma. Kana da rinjaye. Roƙona ɗaya, kada ka sa wa yarinyar magana a baki."

Malam ya amsa da to. Amma shekara ashirin yana koyarwa a firamare, bai taɓa barin ɗalibi ya shiga jarrabawa ba tare da bita ba. Ya ce a ransa ai bita ba sa magana ba ce. Ya rubuta tambayoyi biyar a ƙaramin allon da ke falo, suka yi mako guda a kansu, shi da Uwata, kamar yadda yake kiran yarinyar.

Sai ga muryarta ta ratso ƙofa.

"Ina so in zauna da Babana saboda dalilai uku. Na ɗaya, yana duba mini aikin gida. Na biyu..."

Muryar aji ce, mai hawa da sauka, wadda ake jan wutsiyar kowace kalma. Malam ya san tana tsaye ƙyam, hannu a baya, ido a rufin ɗaki. Zufa ta keto masa a ƙarƙashin hula.

Nas ta juyo a hankali. "Malam, har da na ɗaya da na biyu?"

"Ki rage murya."

"Ni ce zan rage murya? Kai dai ko gaisuwa sai ka rubuta wa mutum a allo." Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, sannan ta kau da kai.

A ciki alƙaliya ta yi wata tambaya ƙasa-ƙasa. Shiru ya biyo baya, dogo. Malam ya ji kamar ya miƙe ya raɗa mata amsa, alhali bai ma ji tambayar ba.

Da aka kira su, wata ma'aikaciya ta fita da yarinyar zuwa ɗakin jira. Alƙaliya ta cire tabarau ta ajiye a kan fayil.

"Malam, na tambayi 'yarka wa take kira idan ba ta jin daɗi. Ka san abin da ta ce?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"Ta ce ba ku zo nan ba tukuna a bita."

Lauya ya sunkuyar da kai. Nas ta rufe baki da gefen mayafi, ba a san dariya ce ko kuka ba.

"Ba na shakkar kana son ta," in ji alƙaliya, ba tare da ɗaga murya ba. "Maki ma da zan ba ta, sai ta cinye duka. Amma na kira ta ne in ji ta bakinta, sai na ji ta bakinka. Mako guda yarinya tana ɗauke da shari'ar manya a ka."

Ta juya ga Nas, ta tambaye ta ko asibiti za su tsayar da ita a aikin safe. Nas ta miƙa takardar shugabarta. Alƙaliya ta karanta, ta ɗauki biro. Ranakun makaranta yarinya tana wurin uwarta, ƙarshen mako tana wurin ubanta, su dawo bayan wata uku. Kafin nan kada wanda ya sake tambayarta inda take so ta zauna.

Malam ya ce, "Na ji, ranki ya daɗe."

A baranda Uwata ta ƙwace daga hannun ma'aikaciyar, ta sheƙo a guje ta riƙe rigarsa, tana haki.

"Baba, huɗu sun fito! Ɗaya ce kawai ba mu yi ba. Na ci?"

Nas ta tsaya taku biyu daga gare su, tana jira. Malam ya durƙusa har fuskarsa ta zo daidai da ta yarinyar. Ya gyara mata wuyan riga, ko da yake a daidai yake.

"Kin ci, Uwata," ya ce. "Je ki kama hannun Mama."