Baƙin Littafin Madam Velta

Glenys Treloar ta riga ta yanke ƙafafun mutum goma sha ɗaya kafin Noeleen ta gama hawa benen.

Tana zaune dirshan a tsakiyar ɗakin rawar, tabarau a kan hanci, almakashin ɗinki a hannu, hotuna barbaje ko'ina. A dama ta tara rabin 'yan mata, daga ƙugu zuwa sama, kowacce na murmushi. A hagu ƙafafunsu ne, cikin gwangwanin biskit.

"Glen, me nake gani haka?"

"Aiki, ke da kika makara." Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Dubi wannan. Garin Whyalla, shekarar saba'in da huɗu. Dubi ƙafar Rhonda, ta lanƙwashe kamar ayaba. Haka za a kai ta ɗakin tarihi, jikokinta su gani?"

"Rhonda ta mutu tun bara waccan."

"Shi ya sa. Ba ta da mai kare ta sai ni."

Noeleen ta fisge almakashin ta jefa cikin jakarta. Ta san inda abin ya samo asali. Duk wadda ta koyi rawar bale, rawar Turawa ta kan yatsun ƙafa, a hannun Madam Velta Ozola ta san ƙa'idar: hoto mai karkatacciyar ƙafa ba ya fita daga ɗakin nan. Mutum ya faɗi a dandali, ya manta rawar, ya yi kuka, duk da sauƙi, tun da 'yan kallo za su manta. Hoto kuwa ba ya mantuwa. Glenys shekararta sittin da tara, an sa mata ƙarfe a ƙugu, amma har yau idan za a ɗauke ta hoto a wajen biki sai ta miƙe yatsun ƙafa.

Sati shida ke nan da rasuwar Madam, tana da shekara casa'in da shida. Ginin ta bar wa ɗan ƙanenta na Sydney, shi kuma bai jira furannin kabari sun bushe ba ya sayar wa masu gidan motsa jiki. Takardun ta bar wa Noeleen Pascoe, sakatariyarta ta shekara arba'in da huɗu: kwali sittin da uku na makarantar da ƙungiyar rawar da ta zagaye garuruwan jihar nan a cikin tsohuwar bas. Noeleen ɗaki ɗaya gare ta a unguwar Prospect ta birnin Adelaide, ita da kyanwa. Gobe da ƙarfe bakwai na safe leburori za su zo da babbar motar shara, duk abin da suka tarar nasu ne. Yau da ƙarfe uku wata Despina Kouros daga ma'ajin tarihi na jiha za ta zo ta duba ko kayan sun cancanci a ba su wuri. A wasiƙarta abu biyu ta ja wa layi: kada a gyara komai, kada a cire komai.

"Kin karanta wasiƙar kuwa?" Noeleen ta ce.

"Na karanta. Yarinyar ba ta san bale ba." Glenys ta dafa sandar bango ta miƙe da ƙyar. "Hotuna ma wasa ne, Nol. Ga babbar magana can."

Ta nuna kwalin da ke kan fiyano. Noeleen ba sai ta buɗe ba. Baƙaƙen littattafai arba'in da shida, ɗaya a shekara, daga shekarar hamsin da takwas har ta daina koyarwa. A kowane darasi Madam na zaune da littafin a cinya da koren alƙalami, ta kalli yarinya, ta rubuta, ta rufe. Ba wadda ta taɓa ganin cikinsa. Noeleen ce ke sayo mata su duk Janairu, ita ce ke kulle su a durowa duk Disamba, ba ta taɓa leƙawa ba.

"Kin buɗe," Noeleen ta ce.

"Tun shida na safe. Kin san me ta ce a kaina? 'Glenys: wuya mai kyau, babu komai a samansa.' Lorraine kuma, 'Tana saukowa daga tsalle kamar an jefo firji.' Lorraine da take shugabar kwamitin coci yanzu. Akwai nauyin kowa, kowace Litinin, har da wadda ta ci kek a ɓoye a garin Port Pirie. Akwai tanderu a ƙasa. Minti goma ya isa a ƙone su."

"Ba a cire komai."

"Ke dai kin ji daɗi, har a kabari tana ba ki umarni." Glenys ta laluba kwalin ta zaro ɗaya. Ta ɗan tsaya, kamar za ta fasa, sannan ta miƙa. "Saba'in da tara. Shafi na tamanin da takwas. Karanta, sai ki sake gaya min ba a cire komai."

Noeleen ta san shekarar. Tana da ashirin da ɗaya, an ba ta babbar rawa a wasan da Madam ta shirya kan matar mai tsaron fitilar teku. Saura sati uku a fara, Madam ta kira ta ofis, ta riƙe hannunta, ta ce ƙugunta ba na 'yar rawa ba ne, idan ta ci gaba, kafin talatin tana kan keken guragu. Glenys ta karɓi rawar. Noeleen ta karɓi keken rubutu. Shekara arba'in da huɗu tana gaya wa mutane Madam ce ta ceci ƙafafunta.

Koren rubutun bai dusashe ba.

"Noeleen. Ita ce mafi kyau da na taɓa koyarwa, Glenys ko kusa ba ta kai ta ba. Amma sakatariyata Misis Hurrell ta ajiye aiki, kuma a duk ginin nan Noeleen kaɗai ta iya buga wasiƙa babu kuskure. 'Yan rawa ina da ashirin. Zan ce mata ƙugu ne. Ƙugunta lafiya lau."

A ƙasa, a wannan ranar dai: "A kira mai gyaran fiyano."

Noeleen ta karanta sau biyu. Ta rufe littafin, ta sa a jaka, ta nufi ƙofa.

"Nol. Ina za ki?"

"Cin abinci."

"Ƙarfe sha ɗaya ko yi ba ta yi ba."

Ta sauka ta tsallaka titi ba ta jira fitila ba, wani mai bas ya danna mata hon. Gidan burodin da ke kallon makarantar ya fi shekara talatin a wurin, ba ta taɓa sayen komai a ciki ba sai baƙin shayi. Ta nuna wani kek mai kirim da kaurinsa ya kai bulo.

"Biyu."

"A naɗe miki?" matar kanti ta tambaya.

"A nan zan ci."

Ta zauna bakin taga ta cinye na farko tana kallon tagar ofishinta ta sama. Ta ci rabin na biyu, ta ciro littafin ta sake buɗewa. Kirim ya ɗiga a gefen shafin, ta goge da babban yatsa, ya ƙara yaɗuwa. Tana iya jefa shi a kwandon shara na bakin ƙofa. Ba wanda zai san an yi wa Noeleen Pascoe wayon da ko yaro ba a yi wa ba, ta kuma yi ta godiya shekara arba'in da huɗu, tana kai wa Madam miya ranar Lahadi, tana yanke mata farcen ƙafa a ƙarshe. Ta daɗe a zaune har matar kanti ta zo ta goge teburin sau biyu.

Uku saura kwata ta koma. Despina Kouros ta riga ta iso, doguwar mace mai takalmin maza, tana tsaye a kan gwangwanin biskit.

"Wa ya yi wannan?"

"An same su haka," Glenys ta ce.

"Yankan sabo ne, Misis Treloar. Ga gutsattsarin a siket ɗinki." Despina ta ɗauki ƙafa ɗaya ta ɗaga wa haske. "Za mu sa su a ambulan, mu rubuta wadda ta yanke da ranar. Yadda ake rubuta sunanki da 'y' ne ko 'i'?"

Glenys ta zauna a kujerar fiyano.

Despina ba ta ɓata lokaci ba. Ta buɗe kwalaye goma, ta shinshina biyu saboda ruɓa, ta ɗaga kafaɗa a kan hotunan. "Gaskiya zan faɗa muku. Hoton 'yan mata cikin farar riga muna da dubbai. Kowane gari a ƙasar nan yana da tsohuwar malamar rawa da kwalayenta, wuri kuma ba mu da shi. Da wannan kaɗai ne, da na ɗauki kwali biyu na ba ku haƙuri."

Sai ta kai kan kwalin fiyano. Ta buɗe littafi ɗaya a tsaye. Ta karanta shafi guda, dariya ta kuɓuce mata ta hanci, ta ja kujera ta zauna. Minti ashirin tana karatu.

"Wannan kam ba mu da irinsa," ta ce a ƙarshe. "Kowane darasi, kowace rawa, wa aka ɗaga, wa aka sauke, da dalili. Idan littattafan nan sun cika babu gibi, sauran kwalayen duk suna da ma'ana, zan ɗauke su gaba ɗaya. Mota na iya zuwa kafin biyar." Ta bi bayan littattafan da yatsa, leɓenta na motsi. Ta tsaya. Ta sake bi. "Babu saba'in da tara."

Glenys ta kalli silin.

"Idan ɓata ya yi tun da, sai mu rubuta ya ɓata," Despina ta ce. "Idan kuwa yau aka cire, to ban san me kuma aka cire ba, ga shi na tarar da ƙafafu a gwangwani. Kwamiti ba zai karɓi tarihin da aka tace ba. Misis Pascoe, ke ce mai kayan. Wanne ne?"

"Ya ɓata," Glenys ta ce da sauri. "Ambaliyar tamanin da uku. Ko ba haka ba, Nol?"

Ƙarya ce mai kyau, an kuwa yi ambaliyar. Noeleen ta kalli ƙawarta. Glenys ta ɗan gyaɗa mata kai, irin na bayan labulen dandali, wato shiga, ina bayanki.

Noeleen ta tuna kwalaye sittin da uku, ita ta cika kowanne. Sunanta na ƙasan wasiƙu dubu: a madadin Madam. A hotunan kuwa, daga saba'in da tara ba ta ko ɗaya, na kafin nan kuma tana layin baya, kan wata ya rufe ta. Ta buɗe jaka. Almakashin ya fara fitowa, sannan littafin.

"Yana wurina. Na fita da shi cin abinci."

Despina ta karɓa, littafin ya buɗe da kansa a inda kirim ya manne. Ta karanta. Ta ɗago ta dubi Noeleen, ta dubi ƙugunta, ta yi sauri ta mayar da ido kan takarda.

"Wannan tabon na yau ne?"

"Na yau ne. Rubuta sunana a kai."

Despina ta ciro fom daga jakarta ta shimfiɗa a kan fiyano. "Saura abu ɗaya. Tun da mutanen ciki suna raye, mai bayarwa na da ikon rufe littattafan na wasu shekaru, kada kowa ya karanta. Yawanci talatin ake sawa."

"Hamsin," Glenys ta ce. "Sai Lorraine ta mutu, 'ya'yanta sun mutu."

"Sa talatin," Noeleen ta ce. "Ban da saba'in da tara."

"Shi kuma fa?"

"Yaushe kuke buɗewa ran Litinin?"

"Ƙarfe goma."

"To, ƙarfe goma a buɗe shi ga kowa."

Glenys ta miƙe har ƙarfen ƙugunta ya yi ƙara. "Nol, kin haukace? Duk Adelaide za su karanta yadda ta mayar da ke sakarai."

"Za su karanta." Noeleen ta karɓi biron. "Amma sai sun fara wucewa ta layin farko, inda ta ce ni ce mafi kyau."

"Layin farkon ai da sunana a ciki," Glenys ta ce.

"Da 'y' ta rubuta shi," Noeleen ta gaya wa Despina, ta sa hannu.